Barcin MamTshawe

Komani, watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Mncedisi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Nolitha da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa tun lokacinsa bai yi ba. Na so in kira ka, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu a bakin titi kana ce min "me?", har mai sayar da lemo ta tambaye ni ko faɗa muke yi. Injin fasa dutsen nan ya gama da kunnuwanka, shi ya sa na koma ga takarda.

Maganar Mama ce, kuma ban san ta ina zan fara ba, don ni kaina ban gane abin da nake gani ba. Ka san lokacin da ƙugunta ya karye muka kai ta gidan tsofaffin nan na coci, ƙafa ce kawai ta gaza, kanta garau yake. Tsohuwar malamar makaranta, har ma'aikatan gidan ta mayar 'yan firamarenta, duk wanda ya shigo ɗaki sai ta duba farcensa. Yanzu in na je ranar Lahadi sai in tarar da ita kan kujera a rana, baki buɗe, tana barci. In na tashe ta sai ta ɗauki lokaci tana kallona kafin sunana ya zo mata.

Sista Gcobisa, nas ɗin da ke kula da ɓangarensu, ta ce da rana barci, da dare kuma ido biyu. Wai tashi take ta ninke zanen gado da bargo, ta ce motar garinmu Cofimvaba za ta tafi ta bar ta. Bakinta kullum a bushe, burodi ba ya wucewa sai an jiƙa a shayi, bayan gida kuma sai ta yi kwanaki. Ga atishawa ta sa ta gaba, ina jin ƙurar barguna ce. Na saya mata ƙananan ƙwayoyin nan na mura da take ba mu muna yara, na sa mata a gwangwanin biskit ɗinta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɓace mata ba, Makazi Nokwakha. Ka san Mama da ƙanwar nan tata. Duk Alhamis in an tashi daga addu'ar mata, Makazi za ta zo da jar rigarta ta coci, su zauna su yi ta waƙa suna zagin mazajensu da suka mutu. Ranar ce kawai Mama take cin abinci sosai.

Ka gaya min, tsufa ne haka? Ba ta kai tamanin ba. Ina jin tsoro, Mncedisi. Ka gai da Nolitha, ka shafa min kan yara.

Yayarki,
Ntombekhaya

Rustenburg, watan Mayu

Sisi,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, kuma kunnuwana suna gaishe ki, sun ce ba su yi kewar muryarki ba.

Ke dai kin cika ɗaga hankali. Tsohuwa ta yi gyangyaɗi a rana shi ne abin rubuta shafi biyu? Ni da ban kai hamsin ba, a cikin kejin da ke sauke mu ramin haƙar ma'adinai nake barci a tsaye.

Amma tunda kin tambaya, bari in faɗa miki abin da ke raina, ko da za ki ce arna ne mu. Baba ya shekara biyu a ƙasa ba mu yanka masa bijimin da ake yankawa don a dawo da ruhinsa gida ba. Mun rufe gidansa, ciyawa ta cinye shingen shanu, matarsa kuma mun kai wa baƙi suna yi mata wanka. Kina tsammanin zai yi shiru? Matar da ke ninke kaya tana neman motar Cofimvaba, ai kiranta ake yi. Na san ba yadda za mu yi, kina gidan burodi tun asuba, ni ina ƙarƙashin ƙasa. Ina faɗa ne kawai.

Batun rashin barci kuwa mai sauƙi ne. Na ba Bhuti Sandile direba wani ƙunshi, ki karɓa a tasha ranar Asabar. Ƙwayoyin barci ne da masu aikin dare suke sha a nan, a kemis ake sayarwa ba sai da takardar likita ba, kin ga ba su da wani ƙarfi ke nan. Ki ce mata ɗanta ne ya aiko. Akwai busasshen nama a ciki, naki ne, kada ki ba ta da bushewar bakin nan.

Nolitha na gaishe ki. Ki huta lafiya.

Mncedisi

Komani, watan Yuli

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan ka koma lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Ka zo jana'izar Makazi ka tafi ba mu samu mun zauna ba, kana waje wajen maza, ni ina ciki. Har yanzu in na ga jar riga ranar Alhamis sai gabana ya faɗi. Mace tana shanya, ta faɗi, shi ke nan.

Akwai abin da ba ka gani ba, kuma gara ka ji daga bakina. Da aka kwashe kayan ɗaki aka shimfiɗa katifa a ƙasa, Mama aka sa a tsakiya, tunda ita ce babba kuma ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na lulluɓa mata bargo na zauna kusa da ita. Mncedisi, barci ta yi. Mata suna shigowa layi layi suna durƙusawa suna yi mata ta'aziyya, ita kuwa kanta na kan kafaɗata tana minshari. Da ta farka ta hango manyan tukwane ta taga, sai ta ja ni ta ce, "Wa ake aurarwa ba a gaya min ba?"

Na gaya mata. Ta dube ni ta ce to, sai ta koma tsince-tsince a kan bargo, wai tururuwa sun cika shi. Babu tururuwa ko ɗaya. Matan addu'a suka ɗauki waƙar da su biyu suke yi kullum, ko leɓenta bai motsa ba. Ina jin matar nan ta gidan Qwathi tana raɗa wai ko dai an yi mata wani abu, wata kuma ta ce dama malaman makaranta zuciyarsu a bushe take. Da ba a kan katifar makoki nake ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Ƙwayoyinka na ba ta tun a watan Mayu, ta ji daɗi ƙwarai, har ta sa a ƙirji ta ce yaronta bai manta da ita ba. Satin farko ta yi barci da dare. Daga baya kuma abin ya dawo ya fi na da. Fitsari ma yanzu zubo mata yake ba ta sani ba, likitan da ke zagayowa gidan ya ƙara mata maganin mafitsara, ya haɗa da wani na kwantar da hankali saboda yawon daren.

Jiya shugabar gidan ta kira ni ofis, ta ba ni shayi, ta ce ciwon mantuwa ne kuma ba ya komawa baya. Tana so a mayar da Mama ɓangaren baya, inda ake kulle ƙofa, don kada ta faɗi ko ta fita titi. Ba muguwar mace ba ce, na ga alama ita ma abin ya dame ta. Ta ce mu yi shawara zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Na leƙa wajen. Da tsabta, amma babu mai yi wa wani magana.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne saurin abin. Kakarmu ta yi mantuwa, amma a hankali ta tafi, cikin shekaru. Mama kuwa a Kirsimeti ita ta karanta nassi a gaban jama'a ba gilashi. Ban san me zan ce wa matar nan ba. Ka rubuto da wuri.

Yayarka,
Ntombekhaya

Rustenburg, watan Agusta

Sisi,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki a ɗakin canza kaya, na kasa gamawa, sai da na koma gida.

Ni ma akwai abin da ban gaya miki ba. Da aka dawo daga maƙabarta ana wanke hannu a bakin ƙofa, na je na durƙusa gabanta. Ta kama kunnena ta kira ni da sunan Baba, ta ce in je in rufe shanu rana ta faɗi. Na ce to. Na fita bayan gida na tsaya ni kaɗai kamar wani sakarai, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Kin ce ba ta gane komai, amma ni a ganina Baba ta gani tsaye a bayana.

Ba za a kulle uwata ba. Ki gaya wa matar ofis ɗin haka, ki ce ɗanta namiji ne ya faɗa, in hakan zai sa ta ji. Na nemi hutu a Disamba, na kuma yi magana da Kawu Zwelibanzi a kan bijimin. A yi abin da ya kamata a yi wa Baba, a kai Mama ta kwana a ɗakinta, sannan mu gani. In bai yi ba, to ban sani ba. Nolitha ta ce mu kawo ta nan, amma ɗaki ɗaya ne da mu da yara uku.

Wani abokin aikina ya ce tasa uwar haka ta yi, ashe sukari ne. An duba sukarinta? Ko kuwa ƙwayoyin ne suka yi mata kaɗan? In ƙaro wasu?

Ki gaishe ta, ko da ba za ta san daga wa ba.

Mncedisi

Komani, watan Satumba

Mncedisi,

Gaisuwa. Kada ka aiko da komai. Ko ƙwaya ɗaya kada ka ba Bhuti Sandile.

Daga asibiti nake rubuto maka, amma kada hankalinka ya tashi, da sauƙi. Ranar Talata Mama ta wuni tana riƙe da mara tana nishi, jikinta zafi kuma babu gumi, Sista Gcobisa ta taɓa cikin ta ji shi tamau, ta ce a tafi asibiti. Ashe fitsari ne ya taru ya ƙi fita. Wanda muke gani yana zubowa, ambaliya ce kawai ta abin da ya cika. Da aka sa mata roba, abin da ya fito ba zan iya kwatanta maka ba.

Likitar wata 'yar siririya ce mai suna Dakta Pillay. Ta duba katin magungunan gidan, sannan ta ce in je in kwaso duk wani abu da Mama take haɗiya, ko na ganye ne. Na ce ai ga shi nan a kati. Ta ce in dai je in duba. Na koma na ɗauko gwangwanin biskit na juye mata a tebur. Ga nawa na mura. Ga naka na barci. Ga kuma wasu na murɗawar ciki da ban san da su ba, a ƙulle cikin hankicin Makazi. Ashe ita ma tana kawo nata duk Alhamis.

Ta jera su gefe guda, ta ɗauko na gidan ta ƙara a layin: na mafitsara, da wanda ake ba ta tun bara saboda zafin tafin ƙafa, da sabon nan na kwantar da hankali. Ta ce kowanne da aikinsa daban, amma dukansu akwai abu ɗaya da suke yi a ɓoye. Wai akwai wani sinadari da jiki ke aika saƙo da shi, shi ke sa yawu ya zo, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe abin da ya faru. Magungunan nan duka tare masa hanya suke yi. Ta faɗi sunan jinsinsu, antikolinajik, sai da na sa ta maimaita. Ta ce mai ƙuruciya zai sha ɗaya ya tashi lafiya, tsoho kuwa dama abin ya yi masa ƙaranci, in aka tara masa biyar ko shida sai ya rikice. Barcin da suke sawa ma ba na hutu ba ne, mutum zai wuni a make ya kwana a firgice.

Na ce mata to ai maganin mafitsarar don fitsarin aka ƙara shi. Ta ce eh, shi kuma ya ƙara riƙe fitsarin. Na ce na barcin fa, ai don rashin barci ne. Ta ce eh. Kaina ya yi ta juyawa, har na ce mata to wanne ne ciwon wanne ne maganin? Ta yi murmushi ta ce tambayar da ita ma take yi ke nan.

Sista Gcobisa ta kusa kuka, ta ce ita biskit ta sani a gwangwanin, kuma wa zai buɗe wa babbar mace kayanta? Na tambayi Mama me ya sa take shan duka. A cikin ruɗewar tata ta amsa min sarai. Ta ce, "In na sha na wannan na bar na wancan, ai na nuna bambanci." Ka ji fa. Mu ba ma zuwa hannu sake, ita kuma ba ta mayar da hannun kyauta.

An ɗauke namu gaba ɗaya. Na gidan kuma a hankali za a riƙa ragewa, ta ce tsayar da wasunsu farat ɗaya ma wata matsalar ce. Na tambaye ta ko Mama za ta dawo. Ta ce ba za ta yi min alkawari ba, mai yiwuwa akwai mantuwar gaske a ƙarƙashi, sai hazon ya washe za a san abin da ya rage. Shugabar gidan ta yarda a dakata da maganar ɓangaren baya.

Ban san ko murna zan yi ba. Ka yi mana addu'a, ko ka gaya wa Baba, duk wanda ka ga zai fi saurin ji.

Ntombekhaya

Rustenburg, watan Satumba

Sisi,

Ina gaishe ki da jinya. Na karanta sau uku har yanzu ban gane ba. Abin da ake sayarwa kusa da man goge baki, shi zai sa uwa ta manta ɗanta? Rabin mutanen ramin nan shi suke sha. Na je na tsaya gaban mai kemis ɗin zan yi masa tijara, sai na tuna ban taɓa ce masa tsohuwa zan ba ba.

Na zubar da sauran a masai. Nolitha ta ce kwana biyu ba na magana, na ce mata dama ba ji nake ba.

Batun bijimin yana nan, Kawu ya riga ya zaɓa. Ko ƙwaya ce ko Baba ne, ni dai ba zan ƙara barin wani abu a baya ba. Ki rubuto min duk abin da ta ce, ko shirme ne.

Mncedisi

Komani, watan Nuwamba

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, na ƙi rubutowa ne don kada in sa maka rai a banza.

Makonnin farko babu daɗi, tashin zuciya, masifa, har ta jefi wata ma'aikaciya da cokali. Sannan aka fara samun dare ɗaya, dare biyu, tana kwana har safe. An cire robar. Ranar wata Lahadi na kai mata dafaffiyar masara da wake, ta cinye, ta ce gishiri ya yi yawa kuma ban bar waken ya nuna ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Kada ka ɗauka ta koma kamar da. Tana tambayar abu sau biyu, sunayen jikoki sai ta lalubo, da yamma kuma takan ɗan rikice. Dakta Pillay ta ce wannan wataƙila zai zauna. Amma Mama ce. Ta san ni, ta san inda take, ta ce a gaya maka ka daina sa wa yara sunan 'yan ƙwallo. Maganar kulle ƙofa ta mutu.

Ranar Alhamis da ta wuce Sista Gcobisa ta aiko a kira ni daga wajen aiki. Na tarar Mama ta sa an yi mata wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta sa an ajiye kujera ta biyu kusa da tata da kofi biyu. Da ta gan ni ta ce, "Ina Nokwakha? Tun yaushe rabon da ta zo, ko fushi take da ni?"

Ka san ba a faɗa wa babba irin wannan a tsaye, kuma ba ɗiya ce ke faɗa ba. Na ce mata ina zuwa. Na je na ɗauko fasto da mata biyu na addu'a, muka zauna, aka gaya mata yadda ake gaya wa mutum karo na farko. Ta saurara har ƙarshe. Ta tambayi ranar da za a binne, don a ɗinka mata baƙin kaya. Kowa ya sunkuyar da kai, sai ni na ce mata an binne tun watan Yuli, kuma tana wajen.

Ba ta yarda ba. Ta ce in daina wasa da ita. Da fasto ya tabbatar mata, sai ta sa aka ɗauke kofi ɗaya. Tun ranar tana ta yi min tambayoyi, wa ya zo, wa ya yi magana, wace waƙa aka yi. Akwai tambaya ɗaya da na amsa mata, ta dube ni ta ce ni dama tun ina yarinya nake gyara magana don a ji daɗi. Ta karɓi biro da takarda a wajen Sista. Ga abin da ta rubuta nan na haɗa maka, ban buɗe ba.

Sai mun gan ku a Disamba.

Yayarka,
Ntombekhaya

Ɗana Mncedisi,

Ina gaishe ka da iyalinka. Ka gafarci rubutun, hannun ya kwana biyu bai riƙe biro ba.

An ce Nokwakha ta rasu, an ce an kai ni, an ce na zauna a kan katifa. Na nema a kaina ban samu komai ba, ko ƙyallin abu ɗaya. Ni na goya ta. Ni na raka ta ɗakin miji.

Yayarka tana tausayina, ba za ta faɗa min gaskiya ba. Kai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa na tambaye ka. Da aka fito da ita za a wuce da ita ta gabana, na yi mata kuka?

Ka amsa min kafin ka zo. Allah ya tsare ka a ramin nan.

Mahaifiyarka,
MamTshawe